Hoton kai ya ce lafiya lau, amma maigidana ya canza: ya sa hannu a takardar inshora?

Tambaya

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da motar ɗaukar kaya ta wani kamfani ta bugi motar maigidana ta baya yana tsaye a danja. Bai ɗaura bel ba, goshinsa ya daki sitiyari. Waɗanda suka ciro shi sun ce ya yi kamar minti goma a sume, kuma har yau bai tuna abin da ya faru ba daga hatsarin zuwa daren ranar. An yi masa hoton CT aka ce babu komai, bayan kwana biyu aka sallame mu. Tun daga nan mutumin da na sani ya canza. Kullum ciwon kai, kullum shan magani. Ga mantuwa, ga saurin fushi, ba ya jure hayaniyar yara, ya ce ma ba ya jin ƙamshin komai. Shekararsa 41, aikin lissafin kuɗi yake yi, har an ba shi takardar gargaɗi saboda kurakurai. Yanzu kamfanin inshorar waccan motar sun ce za su biya kuɗin asibiti da gyaran mota da ɗan wani abu a kai, idan ya sa hannu cewa magana ta ƙare, sun kuma ba shi mako biyu. 'Yan'uwansa sun ce a karɓa tunda hoto ya fito lafiya. Shi ma cewa yake ƙalau yake. Ni kaɗai ce hankalina bai kwanta ba. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Abin da ba zai jira ba shi za mu fara faɗa: kada ya sa hannu a wannan takarda. Sai likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya duba shi, sai kuma lauya ya karanta takardar layi bayan layi. Rashin kwanciyar hankalinki yana da hujja, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar da ta ruɗar da kowa ita ce "hoto ya fito lafiya", don haka bari mu warware ta. A ɗakin gaggawa tambaya ɗaya likita yake son hoton CT ya amsa masa: akwai jini da ya taru, ko ƙashi da ya tsage, ko kumburin da zai sa a shiga tiyata yau? A wannan aikin CT gwani ne, kuma cikin 'yan mintuna yake ba da amsa. Da aka ce muku babu komai, ma'anar ita ce babu ɗaya daga cikin waɗannan, kuma abin godiya ne. Amma ƙwaƙwalwa tana iya jin rauni ta hanyar da CT ba ya gani. Nama ce mai taushi ƙwarai, nauyinta wajen kilo 1.4, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Lokacin da aka bugi motar ta baya, kansa ya fizgu baya sannan ya dawo gaba ya daki sitiyari. Ƙoƙon kai ya tsaya cak, ƙwaƙwalwar kuwa ta ci gaba da tafiya, ta bugi ƙashi ta gaba, ta koma ta bugi na baya, tana kuma murɗawa. Wannan murɗawar tana miƙar da zaruruwan jijiyoyin da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa da juna, zaruruwan da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Wasu su tsinke, wasu su rage saurin isar da saƙo. CT ba ya ganin abu mai ƙanƙanta haka. Hoton MRI ya fi shi ido, yana iya nuna ɗigo-ɗigon jinin da suka ɓuya, amma shi ma yakan fito fes alhali raunin yana nan. Shi ya sa ba da hoto kaɗai likitoci suke tabbatar da irin wannan rauni ba, suna duba abin da ya faru a ranar da kuma yadda mutum ya koma bayanta.

Abubuwan da kika lissafa kuwa sun yi daidai da wuraren da suka fi buguwa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, da sassan gefe da ke saitin kunnuwa, suna zaune ne a kan ƙashi mai kaushi da tudu-tudu, saboda haka su suka fi gogewa idan ƙwaƙwalwa ta girgiza. Na gaba shi ke riƙe linzamin fushi, shi ke tsara aiki da tattara hankali wuri guda. Na gefe suna da hannu wajen adana sabon abu. Jijiyoyin jin ƙamshi kuma suna ratsawa ta wani siririn ƙashi mai huji-huji a saman hanci, suna iya yankewa da bugu ɗaya. Mutane sukan raina wannan alamar, likita kuwa ba ya raina ta, ki tabbata an rubuta ta a fayil ɗinsa.

Za ki ji likitoci na kiran raunin nasa "mara tsanani". Kada kalmar ta yaudare ku. Tana fitowa ne daga ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974, inda ake ba mai rauni maki daga 3 zuwa 15 bisa buɗe ido da magana da motsi. Maki 13 zuwa 15 shi ne mara tsanani, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Ana haɗawa da tsawon suma, idan ba ta wuce minti 30 ba, da tsawon lokacin da mutum ya kasa riƙe sabon abu a kansa, idan bai kai awa 24 ba. Duk wannan bayani ne a kan halin da ya shiga a ranar hatsarin. Bai ce komai ba game da ko zai iya haɗa lissafin ƙarshen wata bayan wata huɗu. Yawancin masu irin wannan rauni suna warwarewa cikin makonni zuwa wata uku. Wanda ya wuce haka da alamomi, kamar maigidanki, yana buƙatar bincike na musamman, kuma da yawa suna samun sauƙi sosai idan an gano abin da ke riƙe su.

Kafin mu je ga binciken, akwai alamomin da idan kin ga ko ɗaya daga cikinsu, a tafi ɗakin gaggawa a take, ko da tsakar dare ne: ciwon kai da ke ƙaruwa kullum ko wanda ya zo da ƙarfin da bai taɓa yi ba, amai a kai a kai, barcin da ake shan wuya kafin a tashe shi, ruɗewa, lauyewar harshe, sanyin hannu ko ƙafa a ɓangare ɗaya, jijjiga irin ta farfaɗiya, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko ruwa garai-garai yana ɗiga daga hanci ko kunne. Dalili shi ne akwai jinin da ke tsattsafowa a hankali a ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya ɗauki makonni ko watanni kafin ya nuna kansa, bayan hoton farko ya riga ya fito lafiya. Ya fi samun tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin da asfirin, amma ba su kaɗai yake samu ba.

A cikin makon nan ku nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ki bi shi, kuma ki shiga ɗakin. Raunin sashen gaba yana rage wa mutum ganin canjin da ya same shi, don haka idan ya ce ƙalau yake, ba lallai ƙarya yake yi ko taurin kai ba, abin da yake ji ke nan. Idan shi kaɗai ya shiga, likita zai rubuta "yana samun sauƙi", kuma wannan layin zai bi ku har gaban alƙali.

Ki tafi da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, ki kuma ƙirga kwana nawa a wata yake shan na ciwon kai. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mai shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko mai shan masu ƙarfi irin su kodin da tiramadol kwana 10 ko fiye, idan ya zarce wata uku a haka, maganin da kansa yakan koma shi ke janyo ciwon kan. Likita ne zai tsara yadda za a rage, ya kuma sa masa wanda ke hana ciwon tasowa. A duba masa wuya, domin fizgar da ta girgiza ƙwaƙwalwa ta fizgi wuyan ma, kuma ciwon kai da yawa daga can yake hawowa. A tambaye shi barci. A tambaye shi tsoro da mafarkin hatsarin da baƙin ciki, domin damuwa kaɗai tana iya kawo mantuwa da fushi, tana kuma da magani. Idan yana jin hajijiya ta 'yan daƙiƙoƙi duk lokacin da ya juya a gado, sau da yawa wasu ƙananan tsakuwoyi ne na can cikin kunne suka goce daga mazauninsu, kuma akwai dabarar juya kai da ake kira Epley da ke mayar da su, wani lokaci a zama ɗaya. Idan gajiya ta yi masa yawa ko sha'awarsa ta ragu, a auna sinadaran jini, saboda bugun kai yana iya taɓa fituwitari, 'yar halittar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sarrafa sauran sinadaran jiki.

Gwajin da ya fi kowanne amfani gare shi, ta fuskar magani da ta shari'a duka, shi ne gwajin aikin ƙwaƙwalwa da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam yake yi. Babu allura, babu na'ura mai ban tsoro. Zama ne na awoyi, da takarda da alƙalami ko kwamfuta, ana auna riƙe abu a ka, saurin tunani, tattara hankali, da iya sauya aiki daga wannan zuwa wancan, sannan a kwatanta da abin da ake tsammani daga mai shekarunsa da iliminsa. Shi ke mayar da "ya canza" zuwa lambobin da likita zai gina magani a kai, alƙali kuma ya iya karantawa. Ku gaya masa ya yi iya ƙoƙarinsa tsakani da Allah. A cikin gwajin akwai sassan da aka saka musamman don gano mai ƙin yin ƙoƙari, kuma wanda aka kama da wannan ya ɓata rawarsa da tsalle, ko da raunin nasa na gaske ne.

A gida, kada ya yi tuƙi sai likita ya yarda, kada ya hau tsani ko babur, domin bugu na biyu a kan wanda bai warke ba ya fi na farko illa. Tunda ba ya jin wari, ba zai ji hayaƙi ko yoyon iskar gas ba, ku sa na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Kwanciya a ɗaki mai duhu yini guda ba magani ba ne bayan kwana ɗaya ko biyun farko. Tafiya a ƙafa kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, da aiki gutsure-gutsure ana hutawa a tsakani, sun fi taimako.

Wajen aiki, kada ya ajiye aikin don zuciya ko kunya. Ya kai takardar likita, ya nemi a rage masa awoyi ko nauyin aiki na ɗan lokaci, kuma a yi komai a rubuce. Idan ya yi murabus da kansa, inshora za su ce shi ya zaɓi rasa albashinsa. Takardar gargaɗin nan da ta ɓata muku rai, ki adana ta da kyau, ki haɗa ta da duk wata takardar yabo ko ƙarin girma da ya samu kafin hatsarin. Mutumin da ya yi shekaru yana lissafi ba kuskure sannan aka gargaɗe shi wata huɗu bayan ya bugu a ka, waɗannan takardun biyu a jere shaida ce mai ƙarfi.

Yanzu takardar inshora. Irin wannan takarda yarjejeniya ce ta yafe duk wani haƙƙi, na yau da na gobe, wanda aka sani da wanda ba a sani ba. Da zarar ya sa hannu ya karɓi kuɗin, bakin alƙalami ya bushe. Ko bayan wata shida aka sallame shi daga aiki, ko farfaɗiya ta bayyana, kotu da wuya ta sake buɗe maganar. Ma'aikacin inshorar da ke kiran ku da fara'a ba lallai mugu ba ne, amma aikinsa shi ne ya rufe fayil da kuɗi kaɗan, kuma lokacin da ya fi araha a rufe fayil ɗin mai raunin ƙwaƙwalwa shi ne kafin kowa ya san girman raunin. Mako biyun da suka ba ku, su suka yanka wa kansu. Idan ya wuce suna iya janye wannan tayin, amma haƙƙin maigidanki na neman diyya yana nan.

Ki duba abin da tayin ya ƙunsa, sannan ki duba abin da doka ke lissafawa. Kuɗin asibiti da gyaran mota su ne ƙaramin kaso. Akwai albashin da ya rasa zuwa yanzu, akwai maganin da zai buƙata nan gaba, akwai diyyar wahala da rashin jin daɗin rayuwa, wanda rasa jin ƙamshi yana ciki, kuma a ƙasashe da dama har jinyar da ke kike yi masa ana ƙiyasta ta da kuɗi ko da ba a biya ki ba. Babba a cikinsu shi ne abin da zai rasa nan gaba. Mu yi lissafi mai sauƙi. Mai shekara 41 yana da aƙalla shekara 20 na aiki a gabansa. A ce ya warke sosai amma bai iya komawa lissafin kuɗi ba, ya koma aikin da albashinsa ya gaza na da da kashi ɗaya bisa uku. A shekara 20 asarar ta haura cikakken albashin shekara shida da rabi. Kotu takan rage wani abu saboda ana biya a dunƙule tun kafin lokaci, amma ko bayan ragin, ki kwatanta da "ɗan wani abu a kai". Muna fatan ya warke sarai wannan lissafin ya zama ba a buƙatarsa. Yau dai babu wanda zai iya tabbatar muku da hakan, kuma sa hannu yau caca ce da abincin 'ya'yanku.

Lokacin da ya dace a yi sulhu shi ne lokacin da likitoci za su iya rubuta inda raunin zai tsaya. Sauƙi ya fi sauri a wata shida na farko, yana kuma ci gaba a hankali har shekara ɗaya ko biyu. Idan kuna cikin matsi kafin nan, akwai hanyoyi biyu. Ana iya kammala maganar gyaran mota ita kaɗai, muddin takardar ta faɗa ƙarara cewa mota kawai ta shafa, ban da raunin jiki. Kuma idan sun amsa laifin direbansu, lauya yana iya neman su ba da wani kaso a matsayin kafin alƙalami, a cire shi daga diyyar ƙarshe. Kada ku karɓi ceki ko kuɗi ta banki sai lauya ya ga wasiƙar da ta zo da su, domin wani lokaci sharaɗin rufe magana a jikinta yake.

Kada dai jiran ya zama zama. Akwai wa'adi na gaske, wanda doka ta sa don shigar da ƙara, kuma wanda ya bari ya wuce ya rasa haƙƙinsa komai ƙarfin hujjarsa. Ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Ingila shekara 3 ne. A jihohi da yawa na Amurka shekara 2 ne, akwai ma inda yake shekara 1. Idan hukuma ce ake ƙara yakan fi haka gajarta, a Kalifoniya misali wata 6 ake ba mutum ya gabatar da buƙatarsa. Tattaunawa da inshora ba ta tsayar da wannan agogon, kuma an sha jan mutane da "muna duba fayil ɗinku" har lokaci ya ƙure. Tambayar farko da za ki yi wa lauya ita ce ranar da wa'adinku zai cika, ya rubuta miki ita. Idan ta matso magani bai ƙare ba, sai a shigar da ƙara don a tsare haƙƙin, sulhu kuma ya ci gaba. Idan an yi wa direban hukunci kan laifin tuƙi, ko tara ko ɗauri, wannan shari'a ce dabam, ba ta biyan maigidanki diyya, ko da yake tana iya zama hujja gare shi.

Abin da za a tabbatar a kotu abu huɗu ne: direban yana da nauyin kiyaye sauran masu amfani da hanya, ya yi sakaci, sakacin ne ya jawo raunin, raunin kuma ya jawo asara. Ba a buƙatar tabbaci irin na shari'ar laifi, ya isa a nuna cewa maganarku ta fi tasu rinjaye. Wanda ya bugi motar da ke tsaye a danja ta baya yakan sha wuya kafin ya kare kansa, kuma idan a bakin aiki yake, kamfanin da ya ɗauke shi yakan ɗauki alhakin. Saboda haka ba a kan laifi za su yi faɗa ba. A kan na uku za su tsaya: hoto lafiya lau, ciwon kan na da ne, mantuwar damuwa ce, me ya sa bai koma asibiti ba tsawon wata huɗu? Idan bai koma asibiti ba tun da aka sallame ku, wannan giɓin shi ne makaminsu mafi kaifi, kuma kowane mako da ya ƙaru yana ƙara wasa shi. Idan maigida yana da wata larura tun kafin hatsarin, ciwon kai ko damuwa ko tsohon bugu, ku faɗa wa likita da lauya tun farko. Doka a wurare da yawa ta ce wanda ya ji wa mutum rauni zai ɗauke shi yadda ya same shi, ko da wani mai ƙarfin jiki da bai ji komai ba. Abin da ke rusa ƙara shi ne ɓoyewa, sannan a tono.

Maganar bel ma haka. Ku faɗi gaskiya. A yawancin wurare rashin ɗaura bel yana rage diyya ne, ba ya soke ta. A Ingila, tun hukuncin shari'ar Froom da Butcher na 1975, ana rage kashi 25 cikin 100 idan da bel ɗin zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan da zai rage shi ne kawai. Idan wani ya ce muku ba ku da haƙƙi saboda bel, ku bari lauyanku ya faɗa.

Akwai aikin da ke za ki fi kowa iya yi, shi ne tara shaida. Ki nemi kwafin rahoton 'yan sanda, da bayanin masu motar asibiti idan su suka ɗauke shi, da fayil ɗin ɗakin gaggawa inda aka rubuta makinsa na Glasgow da maganar suma, da hoton CT ɗin kansa a faifai, ba rahoton kawai ba, domin wani ƙwararren ya sake dubawa. Ki nemo waɗanda suka ciro shi daga mota tun ba su manta ba, a karɓi sunayensu da bayaninsu, domin su kaɗai suka ga minti goman nan. Idan ba a gyara motar ba, a ɗauki hotonta ciki da waje, har da sitiyari. Kyamarorin kan hanya da na shaguna sukan goge abin da suka ɗauka cikin kwanaki ko makonni, wataƙila wannan ya wuce, amma motocin kamfanoni sukan ɗauki na'urar da ke adana gudu da wuri, akwai kuma rajistar awoyin direba, lauya zai iya rubuta musu nan take cewa kada su goge. Kowane rasit, har na kuɗin motar zuwa asibiti, ki sa a ambulan guda.

Sannan ki sayi littafi, ki fara rubutu yau, layi uku ko huɗu kullum, da kwanan wata. Kada ki rubuta "yau ba shi da daɗi". Ki rubuta abin da ido ya gani: ya tambaye ni abu ɗaya sau uku cikin awa guda, ya bar famfo a buɗe ya fita, ya daka wa ƙaramin tsawa saboda cokali ya faɗi, ya shige ɗaki awa biyu, ya sha maganin ciwon kai sau biyu. Ki rubuta ranakun da ya tashi garau ma, domin littafin da babu rana mai kyau ko ɗaya a cikinsa ba a yarda da shi. Ki rubuta awoyin da kika kashe a kansa. Wannan littafin likita zai fara amfana da shi kafin lauya.

Daga yau kada ya yi hira da inshora ta waya, musamman wadda ake naɗa. "Alhamdu lillahi, da sauƙi" da muke faɗa don ladabi, a fayil ɗinsu ta zama shaidar warkewa. Kada ya sa hannu a takardar da ta ba su izinin ɗibar duk tarihin lafiyarsa ba iyaka. Ku rage saka hotuna a Facebook da makamantansa, hoto ɗaya yana murmushi a taro ba ya nuna kwana biyun da ya yi a kwance bayansa, amma kada ku goge abin da aka riga aka saka sai kun tambayi lauya. Za su iya neman likitan da suka zaɓa ya duba shi, wannan ba baƙon abu ba ne. Ya je, ya faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi, ki raka shi idan an yarda, ki rubuta tsawon lokacin da aka yi da abin da aka gwada. Amsar tayin nasu kuwa gajeriya ce, a rubuce: mun sami wasiƙarku, har yanzu yana ƙarƙashin kulawar likita, ba za mu duba wani tayi ba sai bincike ya kammala, duk wata magana a aiko ta a rubuce.

Wajen zaɓen lauya, ki tambaye shi kai tsaye ƙarar raunin ƙwaƙwalwa nawa ya taɓa riƙewa, da waɗanne ƙwararrun likitoci yake aiki, da wanda zai riƙe fayil ɗin a ofishinsa. A wurare da yawa lauyoyin wannan fanni ba sa karɓar komai sai an yi nasara, sannan su cire kaso, a Amurka yakan kai kashi ɗaya bisa uku. Ki sa a rubuta kason, a rubuta ko kafin cire kuɗin ƙwararru ake lissafa shi ko bayan, da wanda zai biya su idan ba a yi nasara ba. Lauyan da ya faɗa miki adadin diyya a zaman farko, bai ga rahoton likita ko ɗaya ba, ki nemi wani. Ki kuma gaya masa maganar saurin fushi da gaggawar yanke hukunci, domin idan likita ya ga raunin ya taɓa iyawarsa ta yanke shawara kan kuɗi, doka tana da tanadin naɗa masa wakili, kuma kotu ce za ta amince da sulhun.

Saura 'yan'uwansa da shi kansa. Kada ki yi jayayya da su a kan hoto. Ki roƙi wanda maigida ya fi jin maganarsa a cikinsu ya raka ku wurin likita ya ji da kunnensa, ko ya karanta mako guda na littafinki. Su suna ganinsa awa ɗaya, yana daurewa, ke kike ganin abin da daurewar ke bari bayan sun tafi. Fushin nasa daga rauni yake, kuma akwai magani da horo da ke rage shi, amma idan ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko a kan yara, ko ya fara maganar gara ya mutu, ku matsa daga wurin, ki kira wanda zai taimaka, kuma a gaya wa likita a ranar. Ke ma ki sami wanda zai riƙa karɓarki ko da yini ɗaya a mako. Shi kuwa, kada ki tunkare shi da "ka canza" ko "kanka ya taɓu", zai ji kamar zagi ne ya ƙi zuwa. Ki kama shi ta inda shi ma ya yarda akwai matsala: ciwon kan nan ya yi wata huɗu, maganin ya daina aiki, mu je a duba. Ki zaɓi safiya, lokacin da kansa ya fi sauƙi kuma yara ba sa kusa. Sauran bayanin ki rubuta shi a takarda ɗaya, ki miƙa wa likita kafin ku zauna.